IYA RUWA FID DA KAI: Wane Zurfi Ya Dace Da Kwamin Iyo Na Bayan Gida?

Na sani tun daga ganin kan maganar nan wani zai ture jaridar gefe ya ce, "To, yau kuma mai filin nan ya rasa ta cewa. Muna fama da ruwan sha, shi yana zancen ruwan wasa." Mai wannan magana bai yi ƙarya ba, don kuwa ni kaina 'yan ga-ruwa ne ke kawo mini ruwa a gidan hayar da na ke zaune. Amma ina roƙon a yi haƙuri a bi ni har ƙarshe, domin maganar ta shafi talaka fiye da yadda ya ke zato.

Dalili kuwa shi ne, kwamin iyo ya daɗe da tashi daga zama kayan manyan otal-otal da kulob na Turawa. Duk wanda ya san Maitama da Asokoro a Abuja, ko Ikoyi da Lekki a Legas, ya san cewa yanzu akwai masu halin da ba su ganin gidansu ya kammala sai sun haƙa kwami a bayansa, sun shafe shi da shuɗin tayil, sun cika shi da ruwa. Mai gida shi ke biyan kuɗin, amma shi ya fi kowa ƙarancin zama a bakin ruwan. Masu wuni a wurin su ne 'yar aikin da aka ɗauko daga ƙauye, da maigadi, da mai shara, da 'ya'yan dangi da a kan kawo hutu ko yawon Salla. Waɗannan kuwa 'ya'yanmu ne da ƙannenmu.

Abin da ya jawo maganar shi ne, kwanan baya wani aminin mahaifina, ɗan kasuwa, wanda ke gini a bayan garin Abuja, ya aika a kira ni. Na same shi zaune a rumfar masu aiki da takardun zane biyu a kan cinyarsa. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Ɗana, ku 'yan jarida kun fi mu jin labarin duniya. Ga zane biyu ɗan kwangila ya kawo mini, ya ce in zaɓi ɗaya kafin a kawo motar haƙa. Yara sun kafe sai mai zurfi, wai irin wanda su ke gani a talabijin. Hajiya kuwa ta ce in dai za a yi, to, a yi wanda ƙafarta za ta taɓa ƙasa. Kai me ka gani?" Na ce, "Baba, ku ba ni mako guda in bincika, kada in yi muku shaci-faɗi a kan abin da ya shafi rai." To, abin da na koma na gaya masa bayan makon, shi na kawo muku yau.

Bari mu fara da fayyace zanen biyu. Na farko shi ne kwami mai zurfin bai ɗaya. Ƙasansa a shimfiɗe ya ke kamar daɓen ɗaki, zurfinsa kuma daga wannan baki zuwa wancan ba ya wuce mita 1.2 zuwa 1.4, watau ƙafa 4 zuwa 4 da rabi. Babban mutum in ya tsaya a ciki, ruwan a ƙirjinsa zai tsaya. Na biyu shi ne mai kai biyu. A kai guda ruwan iyakarsa ƙirji ko ƙugu, sa'an nan ƙasan ya gangara zuwa ɗaya kan, inda aka yi rami mai zurfin ƙafa 8 ko 9, a nan ne kuma a kan kafa katakon da a ke hawa a daka tsalle. A takarda na biyun ya fi ƙayatarwa, shi ya sa ido ke fara sauka a kansa. Amma takarda ba ta jiƙewa.

Abu na farko da na yi shi ne lissafi, wanda kowane ɗan makarantar sakandare zai iya yi. Filin da Alhaji ya ware tsawonsa mita 10 ne, faɗinsa mita 5. Idan aka yi zurfin bai ɗaya na mita 1.2, kwamin zai ci ruwa lita 60,000. Idan kuwa aka yi mai rami na mita 2.7, to, ba zai yiwu ƙasa ta faɗa gaba ɗaya kamar bakin rijiya ba, dole a yi gangare. Ƙa'idar da masu wannan sana'a a Amurka ke bi ita ce, kada gangaren ya fi saukar ƙafa ɗaya a cikin tafiyar ƙafa uku. Saukowa daga mita 1.2 zuwa mita 2.7 ke nan za ta cinye mita 4.5 na tsawon kwamin. A ba ramin kansa mita 2.5. Me ya rage? Mita 3 kacal cikin 10. Watau kashi 30 cikin 100 na kwamin ne kaɗai mutum zai iya tsayawa da ƙafarsa, sauran kashi 70 sai wanda ya iya iyo. Ruwan da zai ci kuwa ya kai wajen lita 95,000.

Bambancin lita 35,000 ke nan. Don mai karatu ya gan shi da idonsa, jarka 1,400 ce mai cin lita 25, ko kuma kurar ɗan ga-ruwa mai jarka 10 har sahu 140. Kuma ruwan nan ba zuba shi a ke yi a tafi ba. Tilas inji ya riƙa jan sa yana bi da shi ta cikin matata yana mayarwa, har ruwan duka ya zaga cikin kamar awa 8. Ga ƙaramin kwamin, injin da ke tura lita 7,500 a awa ya isa. Ga babban kuwa sai wanda ke tura kusan lita 12,000. Haka sinadarin kulorin da a ke zubawa don kashe ƙwayoyin cuta, gwargwadon yawan ruwa a ke auna shi. A ƙasar da wutar lantarki ke zuwa ta ɗauke, janareta kuma ba ya shan ruwan famfo, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne. Ranar da mai gida ya gaji da sayen man dizal aka kashe injin, cikin 'yan kwanaki ruwan zai yi kore, gansakuka ta rufe shi, sauro ya sami gidan haihuwa. Mafi muni kuma, ruwan da ya yi kore ba a ganin ƙasansa, balle a ga abin da ya faɗa ciki.

Sai maganar ƙasar da za a haƙa. Abuja gari ne da ke zaune a kan dutse, a unguwanni da dama ba a yin nisa da haƙa sai a ci karo da fa, daga nan kuma kowace ƙafa ɗaya ta zurfi kuɗinta daban ne. Legas kuma akasin haka ne, musamman wajen Lekki, inda ƙasar yashi ce, ruwa kuma yana kusa ƙwarai. A irin wannan wuri, da zarar rami ya yi zurfi sai ruwan ƙasa ya riƙa ɓuɓɓugowa, sai an yi ta zuƙe shi kafin a zuba kankare. Bayan an gama ma ba a huta ba, domin idan aka kwashe ruwan kwamin don gyara, ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa yana iya tunkuɗo shi sama kamar yadda kogi ke ɗaga kwalekwale, ya tsattsage. Gwargwadon zurfin kwami, gwargwadon ƙarfin wannan tunkuɗa, gwargwadon kuma yawan rodi da siminti da bangonsa ke bukata.

To, duk wannan zancen kuɗi ne, Alhaji kuwa yana da su. Da na karanta masa lissafin, murmushi ya yi ya ce, "Ɗana, in kuɗi ne matsalar ai da ban fara ba." Na ce, "Gaskiya ne, Baba. Saura tambaya guda. A gidanku, tsakanin Hajiya da 'yan aiki da maigadi da direba, mutum nawa ne zai iya nutsawa ƙasan ruwa mai zurfin ƙafa 9 ya ɗauko yaro ya fito da shi?" Ya yi shiru yana ƙirga a yatsunsa. Can ya ce, "Ko ni ban iya ba."

A nan maganar ta ke, jama'a. Ba dukanmu ne Kabawa ko Sarkawa ba, waɗanda a ke haifa a bakin gulbi, su iya ruwa tun kafin su iya karatu, har su nuna bajinta a bikin kamun kifi na Argungu. Yawancinmu mutanen tudu ne, iyakar saninmu da ruwa bokiti da buta. Idan yaro ya faɗa cikin ruwa mai zurfin mita 1.2, kowane babban mutum da ke kusa, ko bai taɓa iyo ba, zai iya dirawa da tufafinsa ya taka da ƙafa ya sunkuto shi. Idan kuwa a rami mai mita 2.7 ya nutse, uwa na tsaye a baki tana gani, ba ta da abin yi sai kururuwa. In kuma tausayin ɗa ya sa ta faɗa, sai a yi asarar rai biyu maimakon ɗaya. Likitoci sun ce ƙwaƙwalwar ɗan Adam ta kan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 ba tare da numfashi ba. Wannan lokaci bai isa a ruga waje a nemo wanda ya iya ruwa ba.

Na san abin da na ke faɗa, don na gani tun ina yaro. A unguwarmu akwai wani kududdufi da aka samu daga haƙar ƙasar gini. Da damina ya kan cika ya batse, mu kuma mu sulale bayan makarantar allo mu tafi wanka. Bakinsa iyakar gwiwa ne, ka yi gaba kaɗan ya kai ƙugu. Abin da ba mu sani ba shi ne, a tsakiya akwai inda magina suka bi jar ƙasa suka yi rami mai zurfi. Wata ranar Alhamis wani abokin wasanmu yana takawa yana dariya, taku ɗaya ya ƙara, sai muka ga babu shi. Bai yi ihu ba, bai daki ruwa ba. Mun ɗauka wasa ya ke yi. Sai bayan la'asar aka samo wani masunci ya fito da shi. Allah Ya jiƙansa. Abin da na riƙe daga ranar nan shi ne, ba yawan ruwa ne ya ci shi ba, canjin zurfi ne wanda ido ba ya gani daga sama. Kwami mai kai biyu kuwa, in ka cire tayil da fitilu, siffarsa ke nan: bakin da ke yaudara da ramin da ke jira. Tayil ɗin ma ya fi laka santsi, wanda bai iya ruwa ba in ya taka gangaren sai ya yi ta zamewa gaba, ba ya iya komowa.

Amma kada in yi rashin adalci, mai zurfi ma yana da nasa amfani. Da bazara, ruwa mai yawa ya fi jinkirin ɗaukar zafi. Wanda ke koyon iyo na sosai yana bukatar wurin da ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, don ya koyi tsayar da kansa a saman ruwa. Samari kuma daɗinsu shi ne tsalle da nutso. Sai dai wanda nufinsa motsa jiki ne, ya yi ta kai da kawowa daga wannan baki zuwa wancan, ba ya bukatar rami ko kaɗan, mita 1.2 ta ishe shi. Kwamin da gwanayen duniya suka yi tseren iyo a cikinsa a wasannin Olamfik na birnin Paris a 2024 ma zurfinsa mita 2.15 ne, bai kai ramin da a ke so a haƙa wa Alhaji a bayan ɗakin girki ba.

Haka kuma kada wani ya ɗauka mai zurfin bai ɗaya ba shi da nasa haɗari. Yana da shi, mai tsanani kuwa, shi ne faɗawa da ka. Idan saurayi ya sheƙo a guje ya tsunduma da kansa a ruwa mai ƙafa 4, kafin ƙiftawar ido ƙoƙon kansa ya daki kankare, nauyin jikinsa duka ya sauka a kan ƙashin wuya. In ƙashin ya karye ya taɓa laka, to, hannuwa da ƙafafu sun shanye ke nan, sau da yawa har iyakar rai. Yawancin waɗanda irin wannan ke samu samari ne majiya ƙarfi, kuma yawanci a ruwa marar zurfi abin ke faruwa. Saboda haka ne ƙungiyar agaji ta Red Cross ta Amurka ta ce kada a faɗa da ka sai a ruwan da ya kai ƙafa 9. Wanda duk ya zaɓi zurfin bai ɗaya, to, ya zaɓi wata doka tare da shi: ba a faɗawa da ka, ko ɗan gida ko baƙo, ko yau ko gobe. A rubuta a bango da manyan baƙaƙe, da Hausa da Turanci, a kuma zana hoto saboda wanda bai iya karatu ba.

Wani zai ce, to ai shi ke nan, sai a yi ramin don masu tsalle su tsira. Ina ma a ce haka abin ya ke da sauƙi. Wanda ya yi tsalle daga katako ba ya sauka tsaye kamar guga a rijiya, gaba ya ke tafiya a cikin ruwan kamar kibiya. In ramin gajere ne, sai ya wuce shi ya daki gangaren da ke gabansa. Haka ta faru ga wani saurayi a jihar Washington ta Amurka, wanda ya yi tsalle daga katako a kwamin wani gida, kansa ya daki gangaren, wuyansa ya karye, jikinsa ya shanye. Aka kai ƙara, kotu ta ɗora wa ƙungiyar masu sana'ar kwamin iyo ta ƙasar, wadda ita ta tsara ƙa'idar zurfin, diyyar dala miliyan 6.6, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da hukuncin a shekarar 2000. Tun daga nan magina da yawa a can suka ja baya daga kafa katakon tsalle a gidaje. To, in waɗanda suka ƙago abin, da injiniyoyinsu da ƙa'idojinsu, sun ƙone hannu, ina ga wanda birkila ya auna masa da ido? Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai kuma zaɓi na uku wanda 'yan kwangila ke son kawowa don su faranta wa kowa rai, ni kuwa a ganina ya fi duka muni. Shi ne a ce a raba gardama, a yi ramin ƙafa 6. Wannan shi ne jemage, ba ya cikin tsuntsaye ba ya cikin dabbobi. Ya fi ƙarfin tsayuwar yawancin mutane, saboda haka wanda bai iya ruwa ba zai nutse a ciki. Bai kuma kai zurfin tsalle ba, saboda haka wanda ya faɗa da ka zai iya karya wuya. Ga shi kuma launin ruwan ya yi duhu a wurin, yana kiran yaro ya zo ya gwada. Haɗari biyu ke nan aka saya da kuɗi guda.

Yanzu sai babbar magana, wadda in an manta da duk abin da na faɗa ina so a riƙe ta. Ga ƙaramin yaro, babu wani kwami marar zurfi. Ɗan shekara 2 tsawonsa bai kai mita ɗaya ba, ɗan shekara 5 kuwa da kaɗan ya wuce ta. A wurinsu mita 1.2 da mita 2.7 duk ɗaya ne. Jariri ma a bokiti ko bahon wanki ya kan nutse. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum wajen 300,000 ne ruwa ya ci a duniya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasu kuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. A Amurka, inda kwamin gida ya yawaita, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ce babu abin da ya fi nutsewa a ruwa kashe yara 'yan shekara 1 zuwa 4. Girman abin ne ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya, a shekarar 2021, ta keɓe ranar 25 ga watan Yuli ta kowace shekara don faɗakarwa a kansa. Kuma kamar yadda na gani a kududdufin unguwarmu, wanda ruwa ke ci ba ya kururuwa kamar yadda a ke nunawa a fim. Shiru ya ke tafiya, ana zaune kusa ana hira.

Maganin wannan ba zurfi ba ne, shinge ne. Ba katangar gida na ke nufi ba, wadda ke tare ɓarawo daga waje alhali yaro yana ciki tare da ruwan. Shinge na ke nufi wanda ya kewaye kwamin kansa ta fuska huɗu, ya raba shi da ɗakuna da tsakar gida. Tsayinsa kada ya gaza mita 1.2, tsakanin sandunansa kada ya wuce santimita 10, kada kuma a yi masa abin takawa a hau. Ƙofarsa ta zama mai rufe kanta, sakatarta a sama inda hannun yaro ba ya kai. Wannan ita ce ƙa'idar da a ke bi a Ostareliya, inda doka ta tilasta shingen. Faransa ma ta kafa doka a watan Janairu na 2003, wadda ta wajabta wa mai kwami a gida ya sa shinge, ko ƙararrawa, ko murfi, ko rumfar da a ke kullewa. Ina kira ga hukumomin da ke ba da izinin gini a Abuja da jihohi su sa wannan cikin sharuɗɗansu, su kuma riƙa zuwa suna dubawa, kada abin ya tsaya a takarda.

Wani abu kuma da ya shafi kowane irin kwami shi ne magudanar da ke ƙasansa, wadda inji ke zuƙar ruwa ta ciki. Ƙarfin zuƙar yana iya manne yaro ko ya kama gashinsa. A shekarar 2002 wata yarinya 'yar shekara 7, jikar James Baker, tsohon sakataren harkokin wajen Amurka, ta rasu ta wannan hanya a wani kwamin wanka, manya suna ja sun kasa ɓamɓare ta. Rasuwarta ce ta jawo dokar da aka kafa a can a 2007 game da murfin magudana. Saboda haka a gaya wa magini ya yi magudana biyu nesa da juna, kowace da murfi mai tudu wanda jiki ba zai iya toshe shi ba.

Ga taƙaicen shawarar da na ba Alhaji. Gidan da ke da mata da yara da baƙi masu shiga da fita, filinsa kuma bai wuce mita 10 ba, mai zurfin bai ɗaya ya dace da shi, da faffaɗan matakala a gefe guda inda tsofaffi da ƙanana za su zauna ƙarƙashin idon babba. Wanda kuwa ya ce shi lalle sai mai rami, to, ya yi shi da gaske ko ya bari. Ya nemi ƙwararren injiniya, ya ba shi fili mai tsawo, ramin ya cika ƙafa 9, kuma ya yi nisa gaba kafin gangare ya fara. A ja igiya mai 'yan gorunan roba a saman ruwa kafin inda gangaren ya soma, a canza launin tayil a wurin, a rubuta zurfin kowane sashe a baki. A ajiye doguwar sanda da tayar ceto a inda hannu zai kai. Sa'an nan, kowanne aka zaɓa, a koya wa yaran gida iyo, a kuma tura manya biyu ko uku, har da 'yan aiki, su koyi yadda a ke danna ƙirji da hura numfashi ga wanda aka tsamo daga ruwa. Duk lokacin da yara ke ciki, a sami babba guda wanda aikinsa kallon su kawai, ba waya a hannunsa, ba tukunya a wuta.

Ku kuma 'yan'uwana da ke aiki a irin waɗannan gidaje, ko ku ke tura 'ya'yanku hutu can, ba rashin kunya ba ne ku tambaya: ruwan nan ina zurfinsa, akwai shinge, wa ke kallon yara? Kunyar tambaya ba ta kai zafin zaman makoki ba. Na san kowa da ajalinsa, amma Wanda Ya rubuta ajali Shi ne kuma Ya ba mu hankali, Ya ɗora mana amanar na ƙasa da mu.

Da na gama, Alhaji ya naɗe zanen mai rami ya miƙa wa yaronsa ya ce a mayar wa ɗan kwangila. Ya ce, "Ashe Hajiya ta fi mu gaskiya. Amma kada ka gaya mata ni na faɗa." Ya kuma sa aka kira mai walda a kan maganar shinge. Samarin gidan har yanzu ba su amsa gaisuwata da sakin fuska, na kuwa yafe musu. Daidai ruwa daidai gari, in ji masu iya magana. A auna zurfin kwami da tsawon mafi ƙanƙanta a gida da kuma iyawar wanda zai cece shi, ba da girman aljihun mai gida ba.

Allah Ya tsare mana zuriya, Ya kiyashe mu da aikin da na sani. Mu kwana nan, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.